Yadda Ake Gasa Ƙananan Burodi Masu 'Ya'yan Itace a Ciki Domin Karin Kumallo

Uwargida, wannan burodi aiki biyu ne a haɗe: akwai kwaɓin fulawa, akwai kuma haɗin da za a ƙunsa a ciki. Yawancin masu koyo hankalinsu kan tafi ga kwaɓin, su ɗauka na cikin ai yanka mangwaro ne kawai a tura. To a nan ne aikin yake lalacewa. Ɗanyen ɗan itace ruwa ne cike da shi, da zarar ya ji wuta sai ya sake shi a cikin burodin, ki fito da abu samansa ya yi ja, tsakiyarsa kuwa jagab. Don haka ki riƙe wannan tun daga farko: abin da zai shiga ciki sai an dafa shi ya ƙafe, sannan ya huce sarai. In kin kiyaye wannan, sauran aikin mai sauƙi ne.

Awon da zan bayar yana fitar da guda 12.

Kayan aiki

Ki tanadi babbar roba ko kwano na kwaɓi, rariyar tankaɗe, ƙaramar tukunya mai kauri, cokalin katako, wuƙa, farantin gashi, leda mai tsabta ko ƙyalle na rufewa, da kofin awo. Kofin da nake nufi shi ne mai ɗaukar mililita 250. In kina da sikeli ya fi, domin fulawa tana yaudara a kofi: wata ta danna, wata ta zuba sama-sama, sai a sami bambancin da zai canza kwaɓin gaba ɗaya. In da kofi za ki auna, ki riƙa ɗiba da cokali kina zubawa har ya cika, ki share samansa da bayan wuƙa, kada ki danna. Sai obin, ko babbar tukunyar dalma da yashi ga wadda ba ta da shi. Zan yi bayanin wannan a wurin gashi.

Kayan kwaɓi

Fulawa kofi 4, wato giram 500
Garin yis, ƙaramin cokali 2
Sukari babban cokali 6
Gishiri ƙaramin cokali 1
Madara mai ɗumi kofi 1
Ƙwai 1, da wani guda na shafawa a sama
Bota babban cokali 4, mai laushi

In madarar gari gare ki, ki dama babban cokali 4 a kofi ɗaya na ruwan ɗumi. In ta gwangwani ce, rabin kofi madara rabin kofi ruwa. In babu bota, man gyaɗa cokali 3 zai yi, sai dai ƙamshin ba zai kai ba. Man shanu soyayye ma yana yi, kuma da dabino yana tafiya ƙwarai, amma ki rage shi zuwa cokali 3 don yana da ƙarfi.

Kayan haɗin ciki

'Ya'yan itace da aka yanka ƙanana, kofi 2
Sukari babban cokali 2 zuwa 3, gwargwadon zaƙin abin
Ruwan lemun tsami babban cokali 1
Garin sitacin masara babban cokali 1 (garin kastad ma yana maye gurbinsa)
Kirfa rabin ƙaramin cokali, ga mai so

1. Fara da haɗin ciki

Shi ake fara yi domin ya sami lokacin hucewa. In da hali ma ki yi shi tun daren jiya.

Zaɓin ɗan itacen ya danganta da lokaci. A bazara, sa'ad da mangwaro ya cika kasuwa, babu abin da ya kai shi arha da daɗi. Ki nemi manyan nan marasa zare, wanda ya nuna amma bai luguiguice ba. Mai zare ba ya yin wannan aiki, zaren yana nan ko an dafa shi, yana maƙale wa mai ci a haƙori. Ki fere, ki yanka ƙanana kamar girman ƙwayar wake, ki zuba a tukunya da sukari da ruwan lemun tsami. Kada ki ƙara ruwa ko kaɗan, shi da kansa zai fitar. Ki sa wuta matsakaiciya kina juyawa, minti 10 zuwa 15, har ruwan ya ja sosai. Sai ki dama sitacin da ruwan sanyi cokali 2, ki zuba kina juyawa, ki bar shi ya tafasa na minti ɗaya. Yadda za ki gane ya yi: ki ja cokali a gindin tukunyar, in hanyar da cokalin ya bi ta tsaya a buɗe ba ta rufe nan take ba, to ya ƙafe. Ki juye a faranti mai faɗi, ki baza shi, zai fi saurin hucewa.

Abarba ma haka ake mata, sai dai ta fi ruwa, takan kai minti 20. Ita kam dafawa wajibi ne: ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ke narkar da danƙon fulawa, inda duk ta taɓa kwaɓi sai ya saki. Zafin wuta yana kashe wannan sinadari. Ki cire zuciyar nan mai tauri ta tsakiya kafin ki yanka.

Tuffa ita ce abokiyar kirfa. Ki fere guda 3, ki yanka, ki soya sama-sama da bota cokali ɗaya kafin ki zuba sukari. Ba ta buƙatar sitaci da yawa, ƙaramin cokali ɗaya ya isa.

Ni dai a wurina dabino ya fi duka dacewa da wannan burodi, kuma shi nake ba mai koyo shawarar ta fara da shi. Ba ya tsiyaya, ba ya neman sukari ko sitaci, ana samunsa kowane lokaci na shekara, kuma burodinsa ya fi jure ajiya. Ki cire ƙwallon dabino kofi ɗaya da rabi, ki buɗe kowanne ki duba cikinsa saboda ƙwari, musamman busasshen nan mai tauri. Busasshe sai an jiƙa shi a ruwan zafi kamar awa ɗaya. Mai laushi kuwa minti 10 ya ishe shi. Ki tsame, ki sa a tukunya da ruwan jiƙon rabin kofi da bota cokali ɗaya, ki dafa kina dannawa da bayan cokali har ya zama ƙulli mai kauri. Ɗan garin citta ko kirfa yana ɗaga shi. In kika zuba dakakkiyar soyayyar gyaɗa cokali 2 bayan ya huce, za ki ji bambanci.

Ayaba ita kaɗai tana yin baƙi kuma tana yin ruwa. In za ki sa ta, ki yanka guda 2 ki soya a bota minti 3 da ɗan lemun tsami, ki haɗa da dabino rabi da rabi. Kankana, gwanda da lemun zaƙi kuwa ki bar su a ci su haka nan, ba na gashi ba ne.

2. Gwada yis ɗinki

Ko da yis ɗin na zubawa kai tsaye a fulawa ne, ki gwada shi, domin wanda ake sayarwa ƙulle a leda ba a san tsawon zaman da ya yi a cikin zafi ba. Ki ɗibi rabin madarar ɗuminki, ki sa sukari ƙaramin cokali ɗaya da yis, ki motsa, ki bar shi minti 10. In ya yi kumfa ya taso, yana da rai. In ya kwanta shiru, ki zubar ki nemo wani, kada ki yi asarar fulawa da ƙwai a kansa.

Ɗumin madarar yana da muhimmanci. Ki tsoma yatsa ki ƙirga goma. In ba ki ji ana korar yatsan ba, ya yi daidai. Ruwa mai zafi sosai kashe yis yake yi nan take, mai sanyi kuma ba ya kashe shi, yana dai jinkirta tashin.

3. Kwaɓi

Ki tankaɗe fulawa a roba, ki zuba sauran sukari da gishiri ki gauraya. Ki yi rami a tsakiya, ki zuba ruwan yis, ƙwai ɗaya, da sauran madarar, amma ki rage kamar cokali 2 a kofin. Fulawa ba ta zama ɗaya: a hunturu ta bushe tana shan ruwa da yawa, da damina kuma ta riga ta sha danshin iska. Ki haɗa da hannu, in kin ga akwai sauran gari a gindin roba sai ki ƙara abin da kika rage. Kada ki sa kirfa a cikin kwaɓin, tana rage wa yis ƙarfi; wurinta cikin haɗin ciki.

Botar ba yanzu za ta shiga ba. Ki juye kwaɓin a kan tebur ko tire mai tsabta, ki murza shi minti 5 tukuna: ki tura da gindin tafin hannu, ki naɗo, ki juya, ki sake turawa. Sannan ki sa botar kaɗan-kaɗan. Da ta shiga za ki ga kwaɓin ya tarwatse yana santsi kamar ya ɓaci. Bai ɓaci ba, ki ci gaba, cikin minti 3 zai shanye ta ya haɗe. Dalilin jinkirta ta shi ne, mai yana lulluɓe garin ya hana danƙo fitowa, danƙon kuwa shi ke riƙe iskar da yis yake fitarwa har burodi ya yi laushi.

Gaba ɗaya murzar takan ɗauki minti 12 zuwa 15. Abin da ya fi jarabtar mai koyo a nan shi ne ƙara fulawa saboda kwaɓin yana manne wa hannu. Ki daure. Wannan kwaɓi dama mai ɗan danƙo ne, kuma duk cokalin fulawar da kika ƙara a kan awo, tauri ne kika ƙara wa burodin. In manne wa ya dame ki, ki shafa ɗan mai a hannu da teburin. Za ki san ya isa in kika gutsuri ɗan kaɗan kika ja shi a hankali da yatsu, ya yi siriri har haske yana ratsa shi bai yage ba.

4. Tashin farko

Ki shafa mai a robar, ki dunƙule kwaɓin ki sa, ki rufe da leda ruf. A lokacin hunturu leda ta fi ƙyalle, don iskar tana busar da saman kwaɓi ya yi ɓawo, ɓawon nan kuma ya hana shi tashi yadda ya kamata. Ki ajiye a wuri mai ɗumi har ya ninka girmansa.

Kada ki bi agogo, ki bi kwaɓin. A zafin watan Afrilu minti 40 na iya isa, a sanyin Disamba da Janairu sai ya kai awa biyu. Kada ki kai shi tsakar rana kai tsaye, samansa zai yi zafi ya fara tsami tun cikin bai tashi ba. In sanyi ya yi yawa, ki ɗora robar a kan tukunyar da ke da ruwan ɗumi, ki lulluɓe su tare da tawul. Ki gwada da yatsa mai fulawa: in kika soka ramin ya tsaya bai cike ba, ya tashi. In ya wuce lokaci zai yi warin tsami, ya yi ruwa-ruwa, burodin kuma ya fito fari ba ya yin ja. Don haka da zafi kada ki kwaɓa ki tafi unguwa.

5. Rabawa

Ki danna kwaɓin a hankali iskar ta fita, ki juye, ki raba shi 12. Da sikeli kowanne zai kama giram 78 zuwa 80. In babu, ki raba biyu, kowane rabi biyu, kowane kwata uku. Daidaita girman yana da amfani, don in wani ya fi wani, ƙaramin zai ƙone kafin babban ya gasu. Ki mulmula kowanne, ki rufe su, ki ba su minti 10 su huta. In ba ki ba su wannan hutu ba, duk wanda kika faɗaɗa sai ya tsuke ya koma.

6. Ƙunsawa

A nan ake bukatar natsuwa. Ki taɓa haɗin cikin da bayan yatsa; in da sauran ɗumi, ki jira. Mai ɗumi yana narkar da botar kwaɓin, bakin ya ƙi kamawa.

Ki ɗauki curi ɗaya, ki faɗaɗa shi da yatsu ko gora ya kai faɗin tafin hannu. Ki bar tsakiyar da kauri, gefen ne za ki sirantar. Dalili kuwa, tsakiyar ce za ta zama saman burodin, in ta yi siriri nan zai fashe. Gefen kuma tattaro shi za a yi wuri ɗaya, in yana da kauri sai gindin ya zama dunƙulen da ba ya gasuwa. Ki zuba haɗin babban cokali ɗaya a tsakiya. Na san zuciya za ta ce a ƙara, amma cokali ɗaya shi ne abin da curi mai wannan girma zai iya riƙewa. Ki kula kada ya taɓa gefe ko kaɗan, don kwaɓin da zaƙi ko mai ya taɓa ba ya mannewa. Ki ajiye jiƙaƙƙen ƙyalle kusa kina goge yatsunki.

Sai ki tattaro gefen sama, kamar yadda ake tattara bakin ledar alala, ki matse shi sosai da yatsu biyu, ki ɗan murɗa. Ki kifa shi, ƙullin ya koma ƙasa, ki juya shi a hankali a ƙarƙashin tafin hannu ya yi zagaye. Ki jera a farantin da kika shafa wa bota, da tazarar yatsu biyu tsakaninsu. In ɗaya ya yage, ki gutsuri ɗan kwaɓi ki liƙe wurin, ki mai da wannan gefen ƙasa.

In ƙunsawa ta ba ki wahala, akwai wata hanya. Ki murza kwaɓin gaba ɗaya ya yi faɗi mai kusurwa huɗu, ki shafe shi da haɗin ki bar ɗan gefe ɗaya, ki naɗe shi tsaf, ki yanka 12 da zare ko wuƙa mai kaifi, ki kwantar da su yankan yana kallon sama. Wannan ya fi dacewa da dabino. Ko kuma ki mulmula curin haka nan, in ya tashi ki danna rami a tsakiya da gindin ƙaramin kofi, ki zuba haɗin a buɗe. Wannan ta buɗen tana yafe wa haɗin da bai ƙafe sosai ba, tunda tururin yana da hanyar fita.

7. Tashi na biyu

Ki rufe farantin da ledar da kika shafa wa mai, ki bar su minti 30 zuwa 40. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, sai burodin ya fashe a gefe ya yi nauyi. In kika danna gefen ɗaya da yatsa ya dawo a hankali ya bar ɗan alama, sun yi. Tun suna tashi ki kunna obin, ya sami minti 15 yana zafi. Sai ki kaɗa ƙwan da ya rage da madara cokali ɗaya, ki shafa a samansu da hannu mai sauƙi. Kada ruwan ƙwan ya gangara ƙasa, manne su zai yi da faranti. Ki barbaɗa riɗi in kina so. In babu ƙwai, madara zalla da ɗan sukari ma tana ba da launi.

8. Gashi

A obin, ki sa a digiri 180 na ma'aunin Celsius, a layin tsakiya, minti 18 zuwa 22. Kada ki buɗe ƙofa a minti 12 na farko. Burodi mai sukari da madara yana saurin yin ja, saboda haka launi kaɗai ba shaida ba ne. Ki ɗaga ɗaya ki duba gindinsa: in ya yi ruwan zuma, kuma kika ƙwanƙwasa kika ji ba nauyi, ya gasu. In saman yana neman ƙonewa alhali lokaci bai cika ba, ki yafa masa takardar gashi ki ɗan rage wuta. Obin na gas da wutarsa daga ƙasa take yakan ƙona gindi. Ki sa wani faranti babu komai a layin ƙasa ya tare zafin. In naki ba shi da lambobi, ki fara gasa guda ɗaya ki ga halinsa kafin ki sa sauran.

Wadda ba ta da obin, ki sami babbar tukunyar dalma mai murfi da ke rufuwa sosai. Kada ki yi amfani da tukunyar da aka shafe cikinta don hana kamu, zafin babu ruwa yana lalata ta. Ki zuba yashi wankakke busasshe kaurin yatsu biyu, ki jera duwatsu uku ko gwangwanaye marasa fenti, ki rufe, ki ɗora a wuta minti 15 ta yi zafi. Sannan ki ɗora farantin a kan duwatsun, kada ya taɓa yashin ko jikin tukunyar. Ki rage wuta ta koma ƙasa da matsakaici. Yakan ɗauki minti 25 zuwa 30. Matsalar tukunya ita ce saman burodin ba ya yin ja, maganinta kuwa ki zuba ɗan garwashi a kan murfin a minti 10 na ƙarshe. In a kan gawayi kike, ki bari ya ruru ya daina hayaƙi, ki rage na ƙasa ki mayar da shi sama. Garwashin sama ya ɗan fi na ƙasa yawa. In za ki buɗe murfi ki ɗaga shi a miƙe, kada toka ta zuba ciki.

9. Bayan an sauke

Da fitowarsu ki shafa musu ɗan bota a sama, ɓawon zai yi laushi da sheƙi. Ki cire su daga farantin bayan minti 5 ki ɗora a kan raga ko faifai, in suka zauna a faranti gumi zai jiƙa gindinsu. Ki ba su aƙalla minti 15 kafin a ci. Wannan gargaɗi ne na gaske ga mai yara: burodin zai yi kamar ya huce a hannu, amma haɗin cikin yana riƙe zafi, yana ƙona baki sosai.

In kina so a ci shi da zafinsa da safe

Babu wadda za ta tashi kwaɓi ƙarfe uku na dare saboda karin kumallo. In wutarku tana tsayawa, ki yi komai da daddare har zuwa ƙunsawa, ki rufe farantin da leda ki sa a firji. Sanyi ba ya tsayar da yis, yana dai sa shi tafiya a hankali, burodin ma ya fi ɗanɗano. Bayan sallar asuba ki fito da shi, ya sha iska minti 45 zuwa awa ɗaya, ki shafa ƙwai ki gasa. Kafin yara su gama shirin makaranta ya fito. In ba ki da tabbacin wuta kada ki gwada, firjin da ya mutu tsakar dare zai bar miki kwaɓi ya wuce tashi ya yi tsami. Gara ki gasa da daddare, da safe ki jera su a busasshiyar tukunya, ki yayyafa ruwa kaɗan a gefe, ki rufe a kan ƙaramar wuta minti 5. Za su dawo da laushinsu.

Wajen ajiya, kada ki ƙulle su a leda sai sun huce gaba ɗaya, in ba haka ba gumin zai jawo fumfuna. Na mangwaro da na abarba a cinye su cikin kwana ɗaya zuwa biyu in ana zafi, na dabino yakan kai kwana uku. In kina da firiza mai riƙe ƙanƙara, ki naɗe kowanne daban ki sa, suna yin wata guda. Ki fito da adadin da za a ci tun dare, da safe ki ɗumama a tukunya. Haɗin cikin da ya rage kuma ki sa a kwalba mai murfi a firji, a shafa a burodi ko a zuba a kindirmo cikin kwana huɗu.